Mai Gadi a Cikin Na'ura: Yadda Manhaja Take Gane Asusun da Ta Tare

Gabatarwa

Garin Gure yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta bi ta Doso da Maraɗi da Damagaram, ta wuce Difa har Gigimi. Shekaru da dama, wanda yake son aika kuɗi daga Gure zuwa Damagaram sai ya nemi direba ko wani ɗan'uwa mai tafiya ya damƙa masa amana. A yau mutane da yawa suna aikawa ta wayar salula ko ta gidajen aika kuɗi. Kuɗin ba ya shiga mota. Lissafi ne yake sauyawa a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta: a rage a wannan asusu, a ƙara a wancan.

Masu koyon karatu a ajin yaƙi da jahilci ba baƙi ba ne ga wannan sauyi. A shekarar 2009 ƙungiyar Catholic Relief Services ta soma wani shiri mai suna ABC a ƙauyukan jahohin Doso da Damagaram, inda aka haɗa koyon karatu da lissafi da koyon aiki da salula. Binciken da aka yi a kan shirin ya nuna cewa waɗanda suka koya tare da salula sun fi samun maki a jarrabawar rubutu da lissafi. A shekarar 2010 kuma, bayan ƙarancin abincin da ya biyo farin 2009, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi na watanni 5 a jahar Tawa. Wasu ƙauyukan sun karɓi nasu ta hanyar Zap, tsarin aika kuɗi ta salula na kamfanin Zain, wanda daga baya ya koma Airtel.

To, wa yake tsaron wannan lissafi a cikin na'ura? Wa yake tabbatar da cewa mai asusu ne ya ba da umarni, kuma an rubuta abin da ya faru? Wannan shafi zai bayyana wata dabara da masu rubuta manhaja suke amfani da ita don wannan aiki, ita ce dabarar sa mai gadi a ƙofa. Zai kuma nuna cewa gadin ba ya da amfani sai mai gadin ya san ainihin abin da ya tare.

Mece ce manhaja, mene ne ƙunshi?

Kwamfuta ba ta da hankalin kanta. Tana bin jerin umarnin da mutum ya rubuta mata ne, ɗaya bayan ɗaya. Wannan jerin umarni shi ake kira manhaja. Ana rubuta manhaja da harsuna na musamman. Ɗaya daga cikin sanannunsu shi ne Java, wanda kamfanin Sun Microsystems na ƙasar Amurka ya fitar a shekarar 1995. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa a duniya suna aiki da manhajojin da aka rubuta da shi.

A harshen Java da ire-irensa, ana rarraba manhaja ƙulli-ƙulli. Kowane ƙulli yana ɗauke da bayani da kuma ayyukan da za a iya yi da bayanin. A wannan shafi za mu kira irin wannan ƙulli da sunan ƙunshi.

Asusun ajiya misali ne mai sauƙi. Ƙunshin asusu yana ɗauke da sunan mai shi, da lambar asusun, da yawan kuɗin da ya rage. Ayyukansa kuwa su ne ajiyewa, da cirewa, da aikawa, da duba abin da ya rage. Idan mutum dubu suna da asusu, to akwai ƙunshi dubu. Kamar buhunan hatsi ne a sito: ɗinkinsu ɗaya, girmansu ɗaya, amma kowanne da sunan mai shi a jiki.

Ayyukan da suke ratsa ko'ina

Mu ɗauki bankin cimaka na ƙauye. Da kaka ana sayen gero a ajiye. A tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, ana sayar wa jama'a tiya-tiya. Wani lokaci a ba da rance, wani lokaci a karɓi biya. Waɗannan ayyuka huɗu ne daban-daban. Amma akwai abubuwan da dole a yi a cikin kowannensu: a duba ko mai buɗe sito yana da izini, a ƙirga abin da ya shiga ko ya fita, a rubuta a rajista.

Idan aka bar wa kowane ma'aikaci ya riƙa yin waɗannan da kansa, matsala za ta taso. Wani zai manta da rubutu. Wani zai rubuta da irin salonsa. Ranar da kwamiti ya sake doka kuwa, sai an bi su ɗaya-ɗaya an sanar da su, kuma da wuya a rasa wanda aka tsallake.

Haka abin yake a cikin manhaja. Babbar manhaja tana da ɗaruruwan ayyuka, kuma kusan kowanne yana bukatar abubuwa uku:

- duba izini kafin a soma;
- rubuta abin da ya faru a rajista;
- tabbatar da cewa aikin ya kammala gaba ɗaya, ko kuwa a warware shi gaba ɗaya, kada ya tsaya rabi.

Waɗannan su ake kira ayyuka masu ratsawa, domin suna ratsa manhaja daga farko har ƙarshe, kamar yadda zare yake ratsa zane. Idan aka kwafi umarninsu a wuri ɗari uku, kuskure a wuri guda ya isa ya ɓata lissafi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Dabarar mai gadi ɗaya

Maganin da aka samo shi ne a cire waɗannan ayyuka masu ratsawa daga cikin sauran, a rubuta su sau ɗaya a wuri guda, sannan a gaya wa na'ura ƙofofin da za su tsare. A littattafan ƙwararru ana taƙaita sunan dabarar da haruffan AOP, a Faransanci kuma POA. Akwai kalmomi huɗu da ya kamata a riƙe:

1. Mahaɗa: wurin da za a iya tare aiki, misali daidai lokacin da aka nemi cire kuɗi.
2. Jerin ƙofofi: bayanin da yake zaɓar mahaɗun da za a tsare, misali dukan ayyukan da suke taɓa kuɗin asusu.
3. Mai gadi: umarnin da na'ura take zartarwa idan aiki ya iso ƙofar da aka zaɓa. Kalmar da ƙwararru suke kiransa da ita tana nufin shawara, amma aikinsa na gadi ne.
4. Saƙa: haɗa mai gadi da sauran manhaja, yadda masaƙi yake shigar da zare cikin zare.

Wani masani mai suna Gregor Kiczales da abokan aikinsa ne suka tsara wannan dabara a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke jahar Kalifoniya a Amurka. Sun gabatar da ita a wani taron masana a ƙasar Finlan a shekarar 1997. A 2001 suka fitar da AspectJ, kayan aikin da ya shigar da dabarar cikin harshen Java, kuma a 2002 aka miƙa kula da shi ga shirin Eclipse. A 2004 wani kayan aiki mai suna Spring, wanda Rod Johnson ya soma, ya fito da tasa hanyar yin wannan gadi. AspectJ da Spring su ne za mu riƙa ambata a ƙasa.

Yaushe mai gadi yake aiki?

Ana iya tsayar da mai gadi a lokuta biyar:

- Kafin aiki: kamar mai duba takarda a bakin ƙofa.
- Bayan aiki ya yi nasara: kamar mai rubuta rasit.
- Bayan aiki ya gamu da cikas: kamar mai kai rahoto ga shugaba.
- Bayan aiki, ko ya yi nasara ko bai yi ba: kamar mai rufe ƙofa da yamma.
- Kewaye da aiki: wannan shi ne mafi ƙarfi. Yana tsayawa kafin aikin da bayansa, kuma aikin ba zai gudana ba sai ya ba da umarnin wucewa, wanda ake rubutawa proceed.

Babbar tambaya: me aka tare?

Tunda mai gadi ɗaya ne yake tsare ƙofofi da yawa, ba a rubuta shi don asusun mutum guda ba. Yanzu zai tare asusun wata mai sayar da dabino, bayan daƙiƙa guda ya tare na wani mai fataucin kanwa. A lokacin da ake rubuta shi, ba wanda ya san wanda zai zo ƙofar. Saboda haka dole a ba shi hanyar gane abin da yake gabansa a daidai lokacin da ya tare shi.

Ku dubi ma'aikacin da yake tsaye a shingen hanya tsakanin Gure da Gidigir. Idan ya rubuta a littafinsa cewa wata mota ta wuce da wasu kaya, rubutun bai amfani kowa ba. Sai ya rubuta lambar motar, da irin kayan, da inda ta nufa. Haka mai gadin manhaja. Rajistar da ta ce an cire kuɗi, ba ta faɗi daga wane asusu ba, ba za ta raba gardama ba.

Don haka duk lokacin da aka tare aiki, na'ura tana miƙa wa mai gadi wata ƴar takardar shaida ta mahaɗar. A AspectJ da Spring sunanta JoinPoint. Mai gadi yana iya yi mata tambayoyi huɗu, kowace da umarninta:

- Wane aiki ake son yi? Umarnin getSignature yana ba da sunan aikin, misali cirewa ko aikawa.
- Me aka zo da shi? Umarnin getArgs yana ba da bayanan da suka rako aikin, misali yawan kuɗi da lambar mai karɓa.
- A kan wane ƙunshi za a yi aikin? Umarnin getTarget yana ba da ainihin asusun da aka nufa.
- Ta hannun wa aka zo? Umarnin getThis ne yake amsa wannan, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa, kamar yadda za mu gani.

Akwai hanya ta biyu da ƙwararru da yawa suka fi so. Tun a jerin ƙofofi ake rubuta sharaɗi cewa kada a kira wannan mai gadi sai idan abin da aka tare asusu ne, kuma a miƙa masa asusun kai tsaye. Amfanin wannan shi ne mai gadi ba zai taɓa ɗaukar wani irin ƙunshi a matsayin asusu ba. Mai awon hatsi ba za a kawo masa akuya ya auna da tiya ba.

Wakili da mai abu

A kasuwar dabbobi, mai saye yakan yi ciniki da dillali. Dillali ne yake sa kuɗi, shi yake karɓar tayi, shi yake cewa albarka ko a sallama. Amma saniyar ba tasa ba ce. Idan daga baya aka zo bincike a kan asalin saniyar, sunan dillali kaɗai bai isa ba, sai an san mai ita.

Spring yana aiki da irin wannan tsari. Ba ya taɓa ƙunshin asali. Yana ƙera wani ƙunshi na biyu mai kama da shi, mai amsa ayyuka iri ɗaya, ya ajiye shi a gaba. Wannan shi ne wakili. Sauran sassan manhaja da wakili suke magana, suna zaton da asusun suke yi. Wakili yana karɓar bukata, ya kira masu gadi ɗaya bayan ɗaya, in sun yarda ya miƙa ta ga ƙunshin asali, wanda za mu kira mai abu.

Saboda haka a cikin Spring mai gadi yana da abubuwa biyu a gabansa. Umarnin getThis yana ba shi wakili. Umarnin getTarget yana ba shi mai abu. Sun yi kama ƙwarai, amma ba ɗaya ba ne. Duk abin da aka nema ta hannun wakili sai ya sake bi ta wurin masu gadi. Abin da aka nema daga mai abu kuwa kai tsaye yake tafiya, ba wanda zai tare shi.

A AspectJ babu wakili, domin ana saƙa mai gadi ne a jikin manhajar kanta. A can, idan aka tare aiki a wurin da ake kiransa, getThis yana nuna ƙunshin da ya yi kiran, getTarget kuma yana nuna wanda aka kira. Idan kuwa aka tare shi a cikin ƙunshin da yake zartar da shi, umarnin biyu abu guda suke nunawa. Akwai kuma wata tsohuwar hanya da Spring yake karɓa, mai takardar shaida da ake kira MethodInvocation, inda getThis yake ba da mai abu. Ke nan kalma ɗaya ce, amma ma'anarta tana sauyawa da kayan aikin da ake riƙe da shi. Mai rubuta manhaja sai ya fara tabbatar da wanne yake amfani da shi, kamar yadda baƙo a kasuwa yake fara tambayar girman tiyar garin kafin ya yi ciniki.

Kurakurai biyar da ake gudu

1. Tambayar wakili daga cikin gadi. A ce an sa mai gadi a kan dukan ayyukan asusu, har da duba kuɗin da ya rage. Sai mai gadin ya so sanin abin da ya rage, ya tambayi wakili. Wakili zai sake kiran mai gadi, mai gadi ya sake tambayar wakili, a yi ta zagaye har wurin da na'ura ta ware don wannan aiki ya cika, aikin ya rushe. Don karanta bayani, mai abu ya kamata ya tambaya.

2. Shiga ta bayan gida. Idan mai gadi ya kama mai abu ya sa shi cire kuɗi kai tsaye, ko ya miƙa shi ga wani sashe na manhaja, to an tsallake sauran masu gadi. Kuɗi za su fita ba rubutu. Haka nan a Spring, idan wani aiki a cikin ƙunshi ya kira wani aikin na ƙunshin kansa, kiran ba ya bi ta hannun wakili, don haka mai gadi ba ya ganinsa. Magidanci da ya tashi daga ɗaki zuwa ɗaki a cikin gidansa ba ya bi ta zaure.

3. Manta umarnin wucewa, ko maimaita shi. Mai gadin da yake kewaye da aiki, in bai ba da umarnin wucewa ba, aikin ba zai gudana ba sam. In kuma ya ba da shi sau biyu, aikin zai gudana sau biyu, a cire kuɗi sau biyu.

4. Zaton kullum akwai ƙunshi. Wasu ayyukan manhaja ba na wani ƙunshi guda ba ne, na kowa ne, kamar rijiyar gari. Idan AspectJ ya tare irinsu, getTarget ba ya ba da kome. Mai gadin da bai duba ba kafin ya ci gaba zai jawo cikas.

5. Rubuta sirri a rajista. Bayanan da suke rako aiki sukan haɗa da lambar sirri. Mai gadin da yake kwashe duk abin da ya gani ya zuba a rajista ya tona asirin masu asusu ga duk wanda yake iya buɗe rajistar.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce wata uwa a Gure tana da sefa 12000 a asusunta, tana son aika jika 5, wato sefa 5000, ga ɗanta da yake karatu a Damagaram. Ga yadda abin zai gudana a manhajar da aka gina bisa wannan dabara:

1. Ta danna lambar ɗanta, da yawan kuɗin, da lambar sirrinta. Bukatar ta isa ga wakilin asusunta.
2. Wakili ya kira mai gadin izini. Mai gadin ya duba takardar shaida, ya gane asusun da aka nufa, ya gwada lambar sirrin da aka kawo da wadda ta dace da wannan asusu. In ba su dace ba, magana ta ƙare a nan.
3. Wakili ya kira mai gadin kammalawa, wanda yake kewaye da aiki. Wannan ya buɗe aikin a matsayin dunƙule guda, sannan ya ba da umarnin wucewa.
4. Mai abu ya yi ainihin aikin: an rage 5000 daga asusun uwa, saura 7000 ban da ladan aikawa, an ƙara 5000 a asusun ɗa.
5. Idan cikas ya auku a tsakiya, bayan an rage amma kafin a ƙara, mai gadin kammalawa zai warware duka, kuɗin su koma yadda suke.
6. Idan an yi nasara, mai gadin rajista ya rubuta lambar asusun, da sunan aikin, da yawan kuɗin, da lokaci. Ba ya rubuta lambar sirri.
7. Saƙon tabbatarwa ya iso salular uwa da ta ɗa.

A mataki na 2 da na 6 ne sanin abin da aka tare ya fi muhimmanci. Da mai gadin izini ya dubi wani asusu daban, da ya hana mai gaskiya ko ya bar ɓarawo. Da mai gadin rajista ya kasa gane asusun, da babu shaidar da za a nuna ranar da aka yi jayayya.

Gadi amana ne

Wanda aka ba ikon ganin cikin kowane asusu an ba shi amana babba. Matan Nijar sun san wannan tun kafin salula ta zo. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta soma shirin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, kuma daga nan wannan tsari na asusun ƙauye ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. A irin waɗannan ƙungiyoyi akwatin kuɗi yakan kasance da kwaɗo 3, makullan suna hannun mata daban-daban, kuma ana ƙirga kuɗi a gaban kowa. Ba a bar wa mutum guda dukan iko.

Manhaja mai kyau tana bin wannan hikima. Ana raba gadi: wannan na izini, wancan na rajista, wancan na kammalawa. Kowanne ana ba shi abin da aikinsa yake bukata kawai. Mai rubuta rajista karatu ne nasa, ba shi da hurumin sauya kuɗin asusu. A ɓangaren doka kuma, a shekarar 2017 Nijar ta yi dokar kare bayanan da suka shafi mutane, wadda ta kafa hukumar HAPDP don kula da wannan fanni.

Abin da ya rage gare ku

Mai gadin na'ura yana iya gane asusun da aka nufa, amma ba ya iya gane abin da yake zuciyar mai aikawa. Idan kuka danna lambar da ba ita ba, kuma kuka sa lambar sirri daidai, a wurinsa kome ya yi daidai. Don haka ku ma masu gadi ne, kuma tambayoyin da na'ura take yi su ne ya kamata ku yi:

- Wane asusu? Ku karanta lambar mai karɓa sau biyu kafin ku tabbatar. In suna ya bayyana, ku karanta shi.
- Wane aiki? Ku duba ko aikawa kuka zaɓa, ko cirewa, ko sayen katin waya.
- Nawa ne? Ku ƙirga sifili. Tsakanin 5000 da 50000 sifili guda ne kawai. Ku tuna kuma cewa salula da sefa take lissafi, ba da dala ba: dala 100 sefa 500 ke nan.
- Ta hannun wa? Mai shagon aika kuɗi mai taimako ne, amma asusun naku ne. Ku danna lambar sirri da hannunku. Kada ku faɗa wa kowa ita, ko da ya kira ya ce daga kamfani yake.
- Ina shaida? Kada ku goge saƙon tabbatarwa. Lambar aikin da take cikinsa ita ce za ta taimaka a gano rubutun rajista in matsala ta taso. Ku kwafe ta a littafinku.
- In saƙo ya yi jinkiri, ku fara duba abin da ya rage a asusu kafin ku sake aikawa, don kada kuɗi su tafi sau biyu.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya karanta lambobi da sunaye ya iya tsare dukiyarsa, kuma wannan yana daga cikin amfanin zuwa aji.

Ma'anar kalmomi

- Manhaja: jerin umarnin da kwamfuta take bi.
- Ƙunshi: ƙullin bayani tare da ayyukansa, kamar asusu.
- Mahaɗa: wurin da ake tare aiki.
- Mai gadi: umarnin da yake gudana idan an tare aiki.
- Wakili: ƙunshin da yake tsayawa a gaban na asali.
- Mai abu: ƙunshin asali, wanda aikin yake faɗawa a kansa.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. A bankin cimaka ko ƙungiyar asusu ta garinku, waɗanne ayyuka ne ake maimaitawa a kowace harka?
2. Me ya sa bai isa a rubuta sunan dillali kaɗai a takardar cinikin dabba ba?
3. Mene ne bambancin wakili da mai abu?
4. Ku buɗe wani saƙon tabbatarwa a salula. Ku nuna yawan kuɗin, da lambar mai karɓa, da lambar aikin.
5. Idan wani ya kira ku ya nemi lambar sirrinku, me za ku ce masa?